Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tarihin Magungunan Ƙoda na Gargajiyar Ƙasar Sin

Gabatarwa

Shekaru da dama ke nan da ƴan kwalaye da kwalabe masu rubutun Sinanci suka shiga cikin hajar masu sayar da magani a kasuwanni, daga Yamai har Damagaram. Wasu ganyen shayi ne, wasu kuma ƙwayoyi ne baƙaƙe ƙanana kamar tsabar dawa. A jikin da yawa daga cikinsu akan ga zanen ƙoda biyu, tare da ƴan kalmomi na Faransanci ko Ingilishi masu cewa maganin yana ƙarfafa ƙoda. Mai saye yakan ɗauka ƙodar da ake nufi ita ce wadda ya sani, wato wadda mahauci yake fiddawa daga cikin rago, wadda kuma likita yake auna lafiyarta da gwajin jini da na fitsari.

Tarihin waɗannan magunguna ya kai shekara dubu biyu, kuma a cikinsa akwai basira mai yawa, akwai kuma asarar rayuka. Abin lura ga malaman harshe da masu kishin al'adu shi ne, manyan kurakuran da aka yi cikin wannan tarihi daga suna suka taso. Na farko, kalma guda ta ɗauki ma'ana biyu. Na biyu, suna guda ya hau kan tsiro biyu, ɗaya magani, ɗaya dafi.

Abin da Sinawan dauri suke kira ƙoda

Littafin da ake ɗauka a matsayin tushen likitancin Sin shi ne Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa tsakanin ƙarni na 2 da na 1 kamin haihuwar Annabi Isa. Littafin ya jera manyan gaɓɓan ciki guda biyar: zuciya, hanta, saifa, huhu da kuma shen, wadda aka saba fassarawa da ƙoda. Amma aikin da ya ba shen ya wuce tace fitsari nesa ba kusa ba. Ita ce rumbun da ake ajiye jing, wato ƙarfin rai da mutum yake gada daga iyayensa, wanda da shi yake girma, yake haihuwa, kuma da ƙarewarsa yake tsufa. Ƙashi da ɓargo da haƙora da gashin kai da jin kunne duk a ƙarƙashinta suke. An haɗa ta da ruwa, da lokacin sanyi, da baƙin launi, da ɗanɗanon gishiri, da tsoro.

Har lissafin shekarun mutum bisa ƙarfin shen aka gina shi. Na mace yana tafiya bakwai-bakwai: tana canza haƙora a shekara 7, tana fara al'ada a 14, tana yanke haihuwa a 49. Na namiji yana tafiya takwas-takwas, daga shekara 8 zuwa 64. Saboda haka idan likitan Sin na dauri ya ce shen ɗin mutum ta yi rauni, yana iya nufin ciwon ƙugu, ko sanyin gwiwa, ko ƙarar kunne, ko furfura da wuri, ko rashin haihuwa, ko raunin mazakuta. Mutum na iya samun dukan waɗannan alhali ƙodojinsa suna aiki lafiya lau. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin idan ya ce wane yana da farin ciki ko yana da zuciya, ba launin hanjinsa ko naman ƙirjinsa yake nufi ba.

Wani littafi da ya biyo baya, mai suna Nanjing, ya ƙara raba abin gida biyu: ya ce ta hagu ita ce shen, ta dama kuwa mingmen ce, ma'ana ƙofar rai. Daga wannan ne malaman baya suka ɗora ra'ayin cewa a cikin shen akwai ruwa akwai wuta, wato yin da yang, kuma aikin mai magani shi ne ya gano wanne ne ya gaza, ya cika shi.

Daga haɗin takwas zuwa haɗin shida

Magani mafi daɗewa da aka sani na wannan fanni daga Zhang Zhongjing ya fito, wanda ya rayu a ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 150 zuwa 219 miladiyya. Haɗinsa, Shenqi Wan, yana da kaya takwas, kuma ya ba da shi ga mai ciwon ƙugu, da mai wahalar fitsari, da mai ƙishirwar da ba ta yankewa tare da yawan fitsari, alamar da likitan yau zai ji ya tuna da ciwon sukari. Biyu daga cikin kayan masu zafi ne: kirfa da saiwar fuzi. Fuzi kuwa dafi ce mai kisa idan ba a sarrafa ta ba, abin da ke nuna cewa tun farko Sinawa sun san tsiro yana warkarwa kuma yana kashewa, sun kuma ƙirƙiro hanyoyin jiƙawa da dafawa da turarawa don karya ƙarfin dafi.

Bayan kusan shekara dari tara, a zamanin daular Song, aka yi wani likitan yara mai suna Qian Yi, wanda ya rayu daga 1032 zuwa 1113. Ya lura cewa jikin yaro ba ya buƙatar a ƙara masa wuta, sai ya cire kirfa da fuzi, ya bar shida. Kayan su ne: saiwar dihuang da aka turara har ta yi baƙi, kashi takwas, jajayen ƴaƴan shanzhuyu masu tsami, kashi huɗu, wata irin doya mai suna shanyao, kashi huɗu, sa'annan kashi uku-uku na zexie mai tsirowa cikin fadama, da ɓawon saiwar mudan, da fuling, wanda dangin naman kaza ne da ke fitowa a jikin saiwar itace. Ana daka su, a kwaɓa da zuma, a mulmula ƙwayoyi. An rubuta haɗin cikin littafin da aka tattara na koyarwarsa a 1119, kuma yaran da ya yi dominsu su ne masu jinkirin girma, waɗanda maɗigarsu ta daɗe ba ta haɗe ba.

Wannan maganin yara shi ne ya zama Liuwei Dihuang Wan, wanda har yau yana cikin magungunan gargajiya da aka fi saye a Sin, kuma manya ne suka fi shansa. Canjin ya ƙarfafa a zamanin daular Ming, lokacin da malamai irin su Zhang Jiebin, wanda ya rayu daga 1563 zuwa 1640, suka mayar da ƙarfafa shen ginshiƙin likitanci. Shi ne ya tsara wasu haɗe-haɗe biyu, Zuogui domin gefen ruwa, Yougui domin gefen wuta. A wannan zamani ne kuma Li Shizhen ya kwashe shekara 27 yana rubuta babban kundinsa Bencao Gangmu, mai ɗauke da bayanin abubuwan magani 1892, wanda ya kammala a 1578. Babban ɓangaren aikinsa shi ne warware rikicin sunaye, domin ya tarar da tsiro guda mai suna da yawa, da suna guda mai tsiro da yawa, gwargwadon lardin da aka samo shi.

Ranar da kalma ta ɗauki kaya biyu

A 1851 wani likita ɗan mishan daga Ingila, Benjamin Hobson, ya buga a birnin Guangzhou littafin bayanin sassan jiki bisa ilimin Turai, cikin harshen Sinanci. Da shi da waɗanda suka bi sawunsa, tsofaffin kalmomin da suka tarar suka ɗauka. Shen ta zama sunan gaɓar nan mai kamar ƙwayar wake da ke tace jini. Daga lokacin, kalma guda take hidima ga ilimi biyu da ba su auna jiki da mudu ɗaya.

Gaba ta tashi tsakanin ɓangarorin biyu. A farkon 1929 majalisar kiwon lafiya ta gwamnatin Nanjing ta amince da shawarar likita Yu Yunxiu ta a kawar da tsohon likitanci sannu a hankali. Masu maganin gargajiya suka yi babban taro a Shanghai ranar 17 ga watan Maris na wannan shekara, gwamnati kuma ta ja da baya. Bayan juyin mulkin 1949 sai aka ɗauki wata hanya: a 1956 aka buɗe manyan makarantun likitancin gargajiya guda huɗu a Beijing, Shanghai, Guangzhou da Chengdu, aka kuma sa likitocin zamani su koyi na gargajiya su bincike shi.

Ɗaya daga cikinsu, likita Shen Ziyin na Shanghai, ya nemi sanin abin da ke ɓoye a bayan ciwon da ake kira ƙarancin wutar shen. Daga ƙarshen shekarun 1950 shi da abokan aikinsa suka riƙa auna fitsarin irin waɗannan marasa lafiya. Abin da suka ba da rahoto shi ne ƙarancin wasu sinadarai da ke fitowa daga ƴan gaɓɓai biyu ƙanana masu zama bisa kan ƙoda, waɗanda aikinsu ya shafi kuzari da jure wahala. Ke nan ko binciken da aka yi don kare tsohon ilimi ya nuna cewa shen ta magabata ta fi kusa da tsarin sinadaran da ke tafiyar da jiki, bisa ga matatar fitsari. Amma kasuwa ba ta bin irin wannan bambanci. Da magungunan suka ƙetare teku, mai fassara ya rubuta ƙoda, mai zane ya zana ƙoda, mai saye kuma ya ga ƙoda.

Matan Burusel

Kuskure na biyu a Turai ya bayyana. A 1990 wani gidan rage ƙiba a Burusel, babban birnin Beljik, ya canza haɗin ƙwayoyin da yake ba masu zuwa wurinsa, ya ƙara garin tsirrai biyu na Sin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Stephania tetrandra, wanda Sinawa ke kira han fang ji, suna kuma amfani da shi wajen sauke kumburi. A farkon 1992 aka kawo mata biyu masu ƙuruciya asibitin Erasme, ƙodojinsu sun kusa daina aiki, alhali ba su da sukari, ba su da wani tsohon ciwo. Likita Jean-Louis Vanherweghem ya bi sawu, ya gano dukansu gidan nan guda suke zuwa. A watan Fabrairu na 1993 ya buga bayanin mata tara cikin mujallar likitoci ta The Lancet. Kamin ƙarshen shekarun 1990 adadin ya haura 100, mafi yawansu kuma sai da suka koma ga injin wankin ƙoda ko dashe.

Da aka auna garin, sai aka ga abin da ke ciki wani tsiro ne dabam, Aristolochia fangchi, wanda ake kira guang fang ji. A bakin ƴan kasuwa duka biyun fang ji ne, kuma busasshiyar saiwarsu ta yi kama, balle an niƙe ta. Na biyun yana ɗauke da wani sinadari da ake kira asid aristolokik. Wannan dafi yana lalata ƴan siraran bututun da ke cikin ƙoda, naman wurin ya zama tabo, ƙodar ta motse ta ƙanƙance. Ba ya zuwa da zafin da zai farkar da mutum. Sau da yawa kasala da ƙarancin jini ne alamun farko, lokacin kuwa ɓarna ta yi nisa.

Masifar ba ta tsaya nan ba. Sinadarin yana manne wa ƙwayoyin gado na jikin mutum, ya zauna shekara da shekaru. A shekara ta 2000 likita Joëlle Nortier da abokan aikinta suka ba da rahoton marasa lafiya 39 da aka cire wa matattun ƙodojinsu da magudanan fitsari don rigakafi: an tarar da sankara a jikin 18 daga cikinsu. A 2002 hukumar binciken sankara ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa magungunan da ke ɗauke da Aristolochia cikin rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

Gobara a cikin gida

A Sin kanta irin wannan musaya ta daɗe tana gudana da wani suna, mu tong. Mu tong na tsofaffin littattafai tsiro ne mai yaɗo na dangin Akebia, wanda ba shi da wannan dafi. Cikin ƙarni na 20 wani tsiro daga arewa maso gabashin ƙasar, Aristolochia manshuriensis ko guan mu tong, ya mamaye kasuwa saboda yawansa da araharsa, har kundin magunguna na hukuma ya karɓe shi. Ta haka ya shiga cikin Longdan Xiegan Wan, wani tsohon haɗi da jama'a suke saye ba tare da takardar likita ba don sauke abin da suke kira zafin hanta. Tun 1964 wani likita ya ba da labarin mutanen da ƙodarsu ta tsaya bayan sun sha mu tong da yawa, amma aka ɗauka laifin yawan sha ne kurum.

Sai a watan Fabrairu na 2003, da kamfanin dillancin labarai na Xinhua ya fitar da rahoto a kan masu ciwon ƙoda da suka daɗe suna shan wannan ƙwaya, hankalin jama'a ya tashi. A cikin shekarar hukuma ta soke amfani da guan mu tong, ta ba da umurnin a koma ga mu tong na asali. A 2004 ta soke guang fang ji. Taiwan ma ta hana irin waɗannan tsirrai a 2003. Binciken takardun inshorar lafiya ya nuna cewa tsakanin 1997 da 2003 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin an taɓa rubuta musu maganin da ke ɗauke da wannan sinadari, kuma tsibirin yana cikin wuraren da sankarar magudanan fitsari ta fi yawa a duniya.

Sunan ciwon kansa ya jawo gardama. Da farko likitocin Turai sun kira shi ciwon ƙoda na tsirran Sin. Masu maganin gargajiya na Sin suka ce an shafa wa dubban tsirrai kashin kaji saboda laifin dangi guda. Tarihi ya ba su gaskiya a nan. Tun shekarun 1950 aka san wani ciwon ƙoda da ke cin manoma a wasu ƙauyukan Bulgariya, Romaniya, Sabiya, Bosniya da Kuroshiya, ba a san sanadinsa ba. A 2007 Arthur Grollman da abokan aikinsa suka nuna shaidar wannan sinadari a cikin ƙodojin masu ciwon. Wani nau'in Aristolochia ne yake tsirowa cikin gonakin alkama, dafinsa ya shiga cikin burodin da ake ci kullum. Su ma Girkawan dauri sun yi magani da shi, domin ma'anar sunan a harshensu ita ce haihuwa mai kyau, kuma ga masu jego suke ba da shi. Yanzu ana kiran ciwon da sunan sinadarin, ba da sunan wata al'umma ba.

Abin da awo ya tabbatar

Wannan duka bai rufe ƙofar amfani ba. Likitocin ƙoda na Sin sun ci gaba da gwada tsirran gargajiya a kan ainihin ciwon ƙoda. Daga ƙarshen shekarun 1970 likita Li Leishi na Nanjing ya yi amfani da lei gong teng wajen rage zubar furotin cikin fitsari. Yana aiki, amma yana iya taɓa hanta da jini da ƙwayoyin haihuwa, shi ya sa sai a ƙarƙashin kulawar likita ake shansa. Akwai kuma huangkui, wanda ake yi da furen Abelmoschus manihot, ɗan uwan kuɓewa na kusa. A 2014 aka buga sakamakon gwajinsa a kan marasa lafiya sama da 400 na tsawon mako 24, aka ga ya rage zubar furotin ga waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba. Amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka nuna yana tayar da ƙodar da ta mutu, kuma shaharar Liuwei Dihuang Wan na ɗaruruwan shekaru ba a kan ciwon da gwajin jini yake nunawa aka gina ta ba.

Kammalawa

Wannan tarihi na Sin ne, amma tsiron da ya haddasa ɓarnar yana da dangi a ƙasar Hausa. Aristolochia albida shi ne wanda ake kira duman dutse, wasu kuma su ce maɗacin ƙasa, ana jiƙa saiwarsa don ciwon ciki da saran maciji, kuma an samu wannan sinadari a cikinsa. Maɗaci kuwa, babban itacen da ake sassaƙar ɓawonsa, ba shi da dangantaka da shi sai ta suna da ɗaci. Sanannen abu ne kuma cewa sunan tsiro yakan canza tsakanin Gobir da Adar da Damagaram, kamar yadda Li Shizhen ya tarar a lardunan ƙasarsa.

Ƙungiyoyin al'adu da malaman makaranta da suke tattara sunayen itatuwa da magunguna daga bakin tsofaffi suna aiki mai daraja, sai dai suna kaɗai ba ya wadatarwa. Ya kamata kowane suna ya tafi da garin da aka ji shi, da samfurin ganye da fure da aka busar, da sunan kimiyya da masani ya tabbatar, da ɓangaren da ake amfani da shi, da awo, da tsawon kwanakin sha, da waɗanda aka hana wa. Mai fassara takardar magani ma yana da nasa nauyin, domin ya san ko ƙodar da ke gabansa shen ce ko kuwa ta asibiti. Wanda kuwa ƙafarsa take kumbura, ko yake fama da hawan jini ko sukari, gwajin jini da na fitsari ne za su gaya masa halin da ƙodarsa take ciki, kuma ya dace ya kai wa likita kwalin duk abin da yake sha. Matan Burusel likitoci ne suka rubuta musu maganinsu, an kuma rubuta sunan tsiro mai kyau a jikin takarda. Abin da ba a yi ba shi ne auna garin da ke cikin buhu.